Takalman Kakana da Na Wanke

Ina tsugune a bakin randa jiya, ina kallon takalman nan biyu sun bushe ƙamas kamar ƙwarya. Ni na wanke su da sabulu, na shanya a rana.

Takalman fata ne masu dogon wuya. Marigayi kakana ne ya jeme fatar da bagaruwa, ya ɗinka da hannunsa a Dumega. Su kaɗai ya bar wa babana. Na so ne Baba ya dawo daga kasuwa ya tarar suna ƙyalli.

Kakata ta ɗaga ɗaya, ta matsa shi a hankali.

"Ke sarkin tsabta, wa ya ce miki ana yi wa fata wanka kamar kwano?"

"Kaka, za su tsage?"

"In kin tsaya kuka, za su tsage. Ɗauko man kaɗe da kakin zuma."

Muka narkar da su tare, muka zauna a inuwa. Ta ce in shafa da tafin hannu, don ɗumin jiki ne yake shigar da man. Ina shafawa, fatar tana laushi tana duhu, sai ƙamshin bagaruwa ya taso. Na rufe ido, na ji kamar kakana zai yi sallama ya shigo.

Kakata ta rungume ɗayan a cinyarta.

Ba su tsage ba. Ku fa, wane ƙamshi ne yake dawo muku da wanda kuka rasa?