Yadda Inna ta Shiga Cikin Masu Duba Taku

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu ina zaman jiran a kira mu bautar ƙasa, ba ni da aikin da ya wuce in karya a gidanmu a Kambarawa in wuce shagon abokina. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago kusa da Babbar Kasuwa. Da ya gaji da ganina ina hamma a kan bencinsa, sai ya sa mini wani wasa a tsohuwar kwamfutata, ya ce, "Ungo, ka rage mana surutu."

Ga yadda wasan yake, don waɗanda ba su sani ba. Kiɗa zai tashi, sai kibiyoyi su riƙa tasowa daga ƙasan allo, wata ta nuna hagu, wata dama, wata sama, wata ƙasa. Duk wadda ta iso kan layi sai ka danna madanninta daidai da bugun kiɗan. Asalinsa da ƙafa ake yi, a kan wata shimfiɗa mai gida huɗu da ake takawa kamar rawa. Mu da ba mu taɓa ganin shimfiɗar ido da ido ba, da yatsu muke fama.

Ni dai mutum ne mai son sanin ciki da wajen abu, don haka ban daɗe ba na fara tambayar kaina, wai wa ke jera kibiyoyin nan? Da na bincika sai na gano mutane ne kamar ni da kai, masu sha'awar wasan. Mutum zai ɗauki kiɗa, ya zauna ya jera masa kibiyoyi, wannan shi ne tsarin taku. Akwai wani dandali a intanet inda ake ɗora su, wasu su sauke su gwada, su rubuta abin da suka gani. A cikinsu akwai tsofaffin hannu da ake kira masu dubawa. Tsarin da suka amince da shi ne kawai ke shiga babban tarin da suke fitarwa kowa ya sauke.

Na bi tarin nan kaf, duk kiɗan wasu ƙasashe ne. Sai na ce wa abokina, "Kai, ya kalangu zai kasance in an jera masa kibiyoyi?"

Ya ce, "Ka jera mu gani mana. Ai kai ne ba ka da aiki."

Ina da wani kiɗa a waya da ƙanwata ta naɗa a bikin 'yar maƙwabtanmu. Makaɗin ɗan unguwarmu ne, da na nemi izininsa ya yi dariya ya ce in dai Turawa za su taka, in sa da hannu biyu. Na duƙufa. Duk inda kalangun ya yi magana sai na dasa kibiya, in ya yi gudu kibiyoyi su yi gudu. Da na gama, allon ya cika fal kamar an zubar da buhun gero. Na ɗora a dandalin, na rubuta bayani da Turancina na makaranta, na koma gefe ina jiran yabo. Har na fara tunanin yadda zan amsa godiya cikin tawali'u.

Na farko da ya duba layi ɗaya ya rubuta, wai ba ya takuwa. Na biyu ya ce kibiyoyin ba su zauna kan bugun ba. Ta uku wata mata ce, daga baya na san malamar makaranta ce a wata ƙasar Turai, tana cikin tsofaffin masu dubawa. Ita kam ta zauna ta bi tsarin daga farko har ƙarshe. Ta ce a wuri kaza na tilasta wa ƙafa ɗaya ta taka gida biyu a jere da saurin da ba za ta iya ba. A wuri kaza kuma duk wanda ya bi kibiyoyina sai ya tsinci kansa ya juya wa allo baya. Ta tambaye ni cikin ladabi ko na taɓa gwada shi a tsaye.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na kai ƙara wurin abokina ina jiran ya taya ni faɗa, sai ya ce, ba tare da ya ɗago daga kwamfutar da ya kwance ba, "Gaskiya ni ma yatsuna sun sarƙe. Na ga kana murna ne na ƙyale ka."

Amma a ƙarshen rubutun matar akwai wata tambaya da ta hana ni sakat. Ta ce ta saurari kiɗan ya fi a ƙirga. In ta ƙirga shi bibbiyu sai ya zauna, in ta ƙirga uku-uku ma sai ya zauna, ta rasa wanne ne ƙafa ke bi. Ta ce, a wurinku yaya ake taka shi?

Na ɗora yatsu zan ba ta amsa, sai na ga ban sani ba. Tun ina goye nake jin kalangu. Amma mu maza a wurin biki can gefe muke tsayawa muna hira, ban taɓa sunkuyawa na kalli ƙafar kowa ba.

Wata rana bayan la'asar, gidan babu kowa sai ni da mahaifiyata tana ɗaki, na ɗauko gawayi na zana gida huɗu a simintin tsakar gida. Na kife turmi, na ɗora kwamfutar a kai, na kunna, na shiga tsakiya. Ban kai ko'ina ba ƙafar hagu ta harɗe ta dama, na tafi da baya na faɗa kan bokitin wanke-wanke. Ƙarar ce ta fito da ita.

"Kai! Mi nake gani haka? Lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau, Inna. Gwaji nake yi."

Ta dubi zanen gawayin, ta dubi turminta a kife, ta dube ni jiƙe da ruwan omo. "Wannan karatun da ka yi ne ya kawo mu nan?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na nuna mata kibiyoyin, na ce wata Baturiya ce ta tambaye ni yadda ake taka kalangu na kasa amsawa. Ta saurari kiɗan tana kallon allon, sai ta yi tsaki.

"To wa ya ce maka ƙafa na bin kalangu? Kalangu magana yake yi, kafaɗa ke amsa mashi. Ba ka jin ƙaramar gangar can da ke baya, kuntuku? Ita ƙafa ke bi."

"Inna, ko za ki nuna mini?"

"Ni? A gabanka? Ba ka da kunya."

Ta koma ɗaki. Ina cikin tattara bokiti sai na ji muryarta, "Je ka saka sakatar ƙofar zaure."

Ta fito ta gyara ɗaurin zane, ta cire silifas. Ta gwada bin kibiyoyin tukuna, ta kasa, ta ce abin nan yana sa ta jiri, in juya allon ya kalli bango. Sai ta bar kunnenta ya yi aiki. Na tsuguna ina kallon ƙafafunta. Kalangun na ta zuba gudu, amma ƙafar Inna ba ta gaggawa ko kaɗan. Ta taka, ta ja, ta ɗan jinkirta kamar ta manta, sannan ta sauke ɗayar daidai inda ban zata ba. Duk gudun da na ɗora wa ƙafa ashe yana can sama, a kafaɗa da hannu. Da kiɗan ya ƙare tana haki tana dariya, ta ce a ƙauyensu kafin a yi mata aure ita ke shiga gaba in 'yan mata sun fita dandali. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar.

Na roƙe ta in ɗauki bidiyo in tura wa matar. Ta ce a'a, na yi ta lallashi, daga ƙarshe ta ce, "Ƙafa kaɗai. In fuskata ta fito, ni da kai ne. Kuma ita kaɗai za ka tura mawa."

Na share tsohon tsarin na sake sabo, ina kallon bidiyon ina jerawa, ina tashi ina gwadawa a kan zanen gawayi. Kibiyoyin suka ragu sosai. Na ɗora shi a dandalin, bidiyon kuma na tura wa matar ita kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki ta maido da nata bidiyon. Ita ma ƙafa kaɗai, cikin farar safa, a kan shimfiɗar gaske, tana taka tsarina. Kiɗan unguwarmu na tashi a ɗakin da ban san a wane gari yake ba. Na ruga na nuna wa Inna tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan, ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta.

"Sake sa shi."

Na sake.

"Tana da kunne, baiwar Allah. Amma tana saurin ɗage ƙafa, kamar ƙasar na ƙona ta. Ka ce mata ta bar ƙafar ta zauna. Kuma nan wurin," ta nuna da ɗan yatsa, "ba laifinta ba ne, kai ka sa mata abin da wuri."

Na duba, haka ne. Na gyara, na rubuta wa matar saƙon Inna kamar yadda ta faɗa. Ta amsa da cewa ta daɗe tana duba aikin mutane, yau ita aka duba, kuma ta ji daɗi. Ta ba ni shawarar in yi amfani da irin kibiyar nan mai jela, wadda ake takawa a riƙe, a wuraren da Inna ke jan ƙafa. Ni ban ma san amfaninta ba sai lokacin. Haka muka yi ta yi, ita ta gwada ta turo, Inna ta duba, ni in gyara. Har ta kai in na shigo gida Inna kan ce, "Mai farar safa ta aiko?"

Da lokacin zaɓen tarin ya zo, masu dubawa suka yarda cewa takun ya zauna. Wanda ya ce ba ya takuwa ma ya dawo ya ce yanzu ya taka. Sai dai suka kawo wata magana. Dokarsu ita ce sautin kiɗa ya fita tas, nawa kuwa na biki ne, ga ƙugin janareta, ga surutun mata. Abin da ya fi damunsu wata doguwar ƙara ce mai kaifi da ke tashi a tsakiyar kiɗan ta danne bugun. Wani ya tambaya ko tsuntsu ne, wani ya ce ko lasifika ce ta lalace. Na yi musu bayanin guɗa. Suka ce abin sha'awa ne, amma mai taku ba ya jin ganga a wurin, in yanke wannan gaɓar su karɓa.

Abokina ya ce aikin minti kaɗan ne, zai yanke ya haɗe, ba mai ganewa. Na ce bari in kwana da shi. Da na koma gida na ba Inna labari ina dariya, na ce wai tsuntsu.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sa mini wurin."

Na sa. Guɗar ta tashi, ta yi tsawo, ta karye a ƙarshe.

"Tawa ce," ta ce. "Lokacin da aka fito da amarya ne. A hannuna aka haifi yarinyar nan." Ta ɗauki faifanta. "Amma ka cire mana, in shi ne zai sa su karɓa. Aikinka ne."

Na yi ta jin kiɗan nan kullum tsawon makonni, ban gane muryar mahaifiyata ba.

Washegari na rubuta musu cewa na fahimci dokarsu, kuma ban ga laifinta ba, amma ba zan yanke ba. Suka yi godiya, suka ce tsarin ba zai shiga tarin ba. Ba a yi faɗa ba. Matar ta rubuta a ƙasa cewa da ita ce ma haka za ta yi, kuma duk mai son ya ji yadda ake barin ƙafa ta zauna ya sauke wannan. Mutane kaɗan suka sauke. Abokina ya ce ni da taurin kai sai addu'a, ya miƙo mini ragowar gyaɗarsa.

Yanzu aiki da iyali sun sha gabana, na daɗe ban buɗe wasan ba, mu da matar ma zumuncin ya yi sanyi a hankali kamar yadda na intanet yake yi. In na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutanen nan suka ɓata lokacinsu a kan aikin wanda ba su sani ba, suka faɗa mini gaskiyar da abokina na kusa ya ji nauyin faɗa. Tun daga nan, in an gyara mini aiki a ofis, nakan danne zafin in karanta har ƙarshe, don na ga cewa wani lokaci abin da zai amfane ka yana can ƙasa.

Ranar da na gaya wa Inna ba a karɓa ba, tana tuƙa tuwo ne. Ta tambaye ni ko na cire, na ce a'a. Ba ta juyo ba, ta ci gaba da tuƙinta, ta ce, "Shirme." Amma da aka raba abinci, tsokar da ta fi kowacce girma a kwanona na same ta.