Rawanin Buhu da Hannun Iro

Ranar wata Alhamis ce a kakar shekarar 1975, bayan la'asar, aka tsugunar da ni a gindin tsamiyar da ke bayan gidajen Gyaɗi-Gyaɗi aka naɗa mini rawani. Rawanin ba komai ba ne illa tsohon buhun gishiri da aka farke aka wanke, yana sukar kunne, yana kuma warin akuya, don a ɗakin awakinmu ake ɓoye shi. Yayana Sabo, wanda shi ne sarki mai barin gado, shi ya naɗa mini da hannunsa, ya ɗora ni a kan surin da muke kira gadon sarauta, ya miƙa mini karan dawa a matsayin sanda. Yaran unguwa suka dunƙule hannu suka ɗaga sama suna jinjina. Ina aji huɗu a lokacin, siriri, mai yawan mura, kuma daɗi ya cika ni har na kasa rufe baki. Wanda ya fara zuwa ya durƙusa a gabana shi ne Iro, ya ce, "Ranka ya daɗe." Kowa a wurin ya san rawanin nan shi ya fi cancanta da shi, ni ma na sani.

A wancan zamani Gyaɗi-Gyaɗi bakin garin Kano ce. Idan ka bar titin Zariya ka nausa gabas, gidaje kaɗan za ka wuce sai gonaki su karɓe ka, dawa da gero da gyaɗa har Tarauni, da kududdufai nan da can inda aka haƙi ƙasar gini. Da safe mu tafi firamare, da yamma makarantar allo, tsakaninsu kuma ga ɗebo ruwa, ga yankan ciyawar awaki, ga aiken da ba ya ƙarewa. Alhamis da Juma'a ne kawai yammacinmu yake namu, kuma a cikinsu muke tafiyar da mulki. Muna da sarki da waziri da galadima da madawaki, har da sarkin fada wanda aikinsa kawai korar ƙananan yara da suka zo kallo. Wazirinmu Lawandi ne, ɗan aji shida, mai surutu kamar rediyo, wanda ya haddace duk abin da malamin tarihi ya faɗa game da yaƙe-yaƙen dā, ya kuma ƙara nasa. Duk wata doka daga bakinsa take fitowa, kuma in ka yi gardama sai ya ce, "Haka ake yi tun dā," shi ke nan magana ta ƙare.

Yaƙinmu langa ne. Kowa ya kama ɗan yatsan ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, ana ture juna da kafaɗa. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya mutu, ya fita daga fili. A langar kowa akwai wanda ake kira ruwa, wato wanda sauran za su kare har ya kai wurin sha a bayan abokan gaba. Mu sai muka ƙara tamu dokar: sarki da kansa shi ne ruwa. In sarkinku ya kai gindin bishiyar wata unguwa ya taɓa ta, kun ci garin. Yaran wurin su yi mubaya'a, sarkinsu ya koma hakimi a ƙarƙashinku, duk Juma'a kuma su kawo gaisuwa: goruba, aduwa, kanya, ko gyaɗar da suka yi roro a gonakin da aka gama cira. In kuwa aka kayar da sarkinku a hanya, ku ne za ku kai gaisuwar. Manya suna mana kallon marasa aikin yi, amma mu a wurinmu babu abin da ya kai shi muhimmanci.

Iro ba haifaffen unguwarmu ba ne. Mahaifinsa direban tifa ne da ya taso da iyalinsa daga wani ƙauye ta wajen Gumel, suka kama hayar ɗaki a gidan wani Alhaji kusa da mu. Da ya zo muka yi ta kwaikwayon maganarsa, muka laƙaba masa Ɗan Ƙauye, kuma makonni ya yi yana tsayawa nesa da tsamiya yana kallonmu. Ranar da aka rasa mutum ɗaya aka sa shi cikon langa, ranar muka daina dariya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya kafa ƙafarsa ɗaya a ƙasa sai ka ce turmi, ba ya ture mutum sau biyu. Da shi Yaya Sabo ya ci Ƙauyen Alu, da shi ya ci Daurawa, har ya naɗa shi Madawaki, shugaban yaƙi. Na sha jin Sabo yana cewa, "In na tafi, Iro ne sarki." Iro kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ba gorubar gaisuwa ce ta dame shi ba, don nasa kason ma ƙannensa yake kai wa. Abin da yake so shi ne a daina ce masa baƙo, kuma ya ɗauka rawanin nan shi zai wanke masa wannan suna. Burinsa na biyu kowa ya san shi: duk motar sojoji da ta wuce a titin Zariya sai ya ƙame ya sara mata, yana cewa da ya girma can za shi.

Da Sabo ya samu makarantar kwana, sai maganar gado ta taso, sai kuma Lawandi ya buɗe bakinsa. Ya ce sarauta jini ce, ba ƙarfi ba. Ya ce ba a taɓa jin inda bawan sarki ko baƙo ya hau gado alhali ga ɗan gida a zaune ba, kuma in aka naɗa Iro, gobe yaran Daurawa za su ce su ma ɗan hayar unguwarsu ya isa ya mulke mu. Galadima ya goyi bayansa, sarkin fada ma haka, don duk suna tsoron in Iro ya hau ba mai iya juya shi. Ni kuwa sun san ko ɗan akuya zai iya juya ni. Sabo ya ɗan yi gardama, amma hankalinsa ya riga ya tafi kan akwatinsa da sabon takalminsa, ga shi kuma ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina, ni ma ban nemi a tambaye ni ba. Da aka ce in tsuguna sai na tsuguna.

Na yi zaton Iro zai yi fushi ya bar mu, ko ya koma wajen yaran Tarauni, waɗanda da hannu biyu za su karɓe shi. Da ya yi hakan da na samu sauƙi. Sai ya zauna ya riƙe muƙaminsa, ya bi ni da gaskiya fiye da yadda ya bi Sabo. In mun fito daga makaranta shi yake riƙe mini jaka. In hakiman Ƙauyen Alu suka kawo gaisuwa ba yawa, suna raina sabon sarki, shi yake harararsu su koma su ƙaro. Har langa ya riƙa koya mini a bayan gidanmu, yana cewa in daina kallon ƙasa, in kalli kafaɗar mutum. Ban koyu ba. Tsalle kaɗan sai numfashina ya ɗauke, ƙafar ta fara rawa. Duk sanda ya ce mini "ranka ya daɗe" sai in rasa inda zan sa idona.

Labarin raunin sabon sarki bai daɗe ba ya kai Tarauni. Sarkinsu wani Bala ne da muke kira Ƙato, wanda ya girme mu duka, har gashin baki ya fara fito masa. Ya aiko cewa ko mu kawo gaisuwa ko mu fito fili. Lawandi ya ce zaman jira wulaƙanci ne, mu za mu kai musu yaƙi. Muka haɗu wata Juma'a da yamma a wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire, ƙasar ta bushe ta yi tauri, kunyoyin gonar suna nan tudu da kwari. Kafin a fara Iro ya matso kusa da ni ya ce, "Kai dai bi bayana, kada ka waiwaya. In ka ga hanya ka wuce."

Na bi bayansa. Ina jin ihu ta ko'ina, ina ganin yara suna zubewa hagu da dama, ni dai rigar Iro nake kallo. Muna dab da kukar da take wurin shansu sai ga Bala Ƙato ya yo kaina gadan-gadan. Iro ya sha gabansa, suka haɗu da kafaɗa, na ga sun yi gefe tare, hanya ta buɗe. Na yi ta tsalle ƙirjina kamar zai fashe har na rungumi kukar nan. Yaranmu suka ɓarke da sowa, suka ɗaga ni sama suna zagaya gonar da ni, rawanin buhu ya warware yana jan ƙasa. An ci Tarauni, abin da ko Sabo bai yi ba. Ina can sama a kafaɗun mutane ina ɗaga hannu kamar ni na yi aikin, sai na hango Iro kwance a tsakanin kunyoyi bai tashi ba.

Da muka je, hannunsa na dama yana nan a bayansa, yatsunsa riƙe da ɗan yatsan ƙafarsa. Duk wanda ya ga zai faɗi a langa yakan saki ƙafa ya tare ƙasa da hannu, ya karɓi mutuwarsa lafiya. Shi ya ƙi saki, don a tunaninsa muddin bai saki ba bai mutu ba, kuma muddin bai mutu ba Bala ba zai wuce shi ya kai gare ni ba. Haka ya faɗi a kan gwiwar hannun, Bala da duk nauyinsa ya faɗo a kansa. Fuskarsa ta jiƙe da gumi, bai yi kuka ba. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Sarki ya sha?" Aka ce ya sha. Sannan ya saki ƙafar.

Wajen wani maɗori a Unguwa Uku aka kai shi, aka ɗaure hannun da karare. Da mahaifinsa ya tambaye shi, cewa ya yi faɗuwa ya yi a gona, bai ambaci sunan kowa ba. Innarmu ta dama kunu ta ba ni in kai masa, ba ta san komai ba, har tana cewa yaran yanzu ba sa jin magana. Na ɗauki kwanon, na cusa rawanin a cikin rigata. Na same shi zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsu, na ajiye kunun, na fito da rawanin na ɗora masa a cinya, na ce nasa ne. Ya dube shi, ya turo mini abina da hannun hagu. Ya ce, "Ai ba a ba da sarauta don tausayi. Mayar da shi kafin Waziri ya gani." Na fito ina kuka a hanya, ina goge ido da buhun gishiri.

Hannun ya ɗoru, amma a karkace, bai ƙara miƙewa sosai ba. Mulkina bai kai damina ba ya watse, don ba Madawaki a fili hakimai suka daina kawo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ji zafin hakan ba ko kaɗan. Bayan shekaru, ina makarantar gaba da sakandare, na ji labarin Iro ya je ɗaukar soja. An ce kowa ya miƙe hannuwansa gaba, nasa ɗaya ya tsaya a lanƙwashe, aka ce ya koma gida. Na sha gaya wa kaina cewa yara ne mu, ba ni na kafa dokar ba, ba ni na ture shi ba. Duk gaskiya ne, amma bai taɓa sa na ji sanyi ba. Da shi ne ruwa a ranar, da ba ya buƙatar kowa ya faɗi dominsa.

Yanzu babu gona ko ɗaya tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Gidaje da kantuna sun haɗe, masu adaidaita sahu suna ta kai da kawowa a inda muka yi yaƙi, tsamiyar ma ban iya nuna inda take ba. Jikokina a waya suke cin garuruwa, suna naɗa sarakuna suna tuɓe su, ba wanda yake ko gurjewa. Aiki ya daɗe da fitar da ni daga Kano, kuma da na koma unguwar a bara, sai da na tsayar da wani yaro na tambaye shi hanya. Ya ce, "Baba, baƙo ne kai ko? Je ka kantin Baba Iro, ba wanda bai sani ba a nan." Na same shi a kan benci a ƙofar kantinsa, gemu ya yi fari, mutane biyu suna gabansa yana sasanta su a kan rigimar kwatar da ke tsakanin gidajensu. Da ya gane ni sai ya miƙe yana dariya, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga don ya yi mini jinjina, ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarki!" Hannun ya tashi zuwa kafaɗa ya tsaya, nan ne iyakarsa. Na kama shi da hannuwana biyu na sauke. Har yau in na tuna sarautata, wannan hannun nake gani, ba rawanin ba.