Giɓin Sabo Mai Jakuna

A ƙauyensu da ke gabas da Ɗanbatta har yau Sabo Mai Jakuna ake ce masa, alhali rabonsa da jaki ya fi shekara ashirin. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai ɗan gero da gyaɗa a bayan gida, sai zaman gindin darbejiya. Mutum ne marar hayaniya, amma yana da ƙarya guda ɗaya tak, kuma ya yi mata kyakkyawan riƙo.

Da ƙuruciyarsa, kaka na wucewa yake kora jakunansa uku ya tafi cin rani Kano. Ranar da 'ya'yansa suka tambaye shi aikin da yake yi a birni, sai ya ce gyaran badala, tsohuwar ganuwar nan da ta kewaye Kano. To, bakinsa ne ya ja masa! Autarsa Aina'u ta tashi da maganar a ranta. Ta zama malamar firamare, kuma duk ajin da ta shiga sai ta faɗa musu babanta na cikin waɗanda suka yaɓe badala da hannunsu.

Bana hutun ranar ma'aikata ya haɗe da Asabar da Lahadi, ta kafe sai ya je ya nuna mata wurin. Ya ce ƙafa, ta ce akwai mota. Ya ce rana, ta sayo lema. Wallahi tsoro ya kama shi, don ba abin da ya rage masa a duniya irin kallon girman da yarinyar nan take masa.

Suka kwana a Bacirawa gidan ƙanwarsa, da safe suka shiga gari. Kai, Kano ta gajiyar da tsohon nan! Hayaƙi, ham ɗin motoci, shaguna a inda ya san kududdufai. Ta zagaya da shi gidan tarihi yana jan ƙafa. Da ta ce su hau Dala kuwa, ya ce a kai kasuwa.

Bayan azahar suka isa wani ɓangaren badala da ya yi saura, tudun jar ƙasa da awaki a kai. A tsakiya ga wani ƙaton giɓi, babura na ratsawa. Sabo ya ga tsohuwar kukar da ke gefe, ya gane wurin sarai.

"Dubi yadda marasa kishi suka cinye ta," in ji Aina'u cikin takaici. "Baba, ina naku aikin?"

Sai ta sunkuya ta ɓanɓaro ɗan dunƙulen ƙasa daga jikin ganuwar, za ta ƙulle a bakin gyale.

"Ajiye, Aina'u," in ji shi.

"Haba Baba, ɗan wannan? Yara zan nuna wa."

"Ni ma da ɗan wannan na fara." Ya nuna giɓin da sandarsa. "Kin ga inda baburan nan ke bi? Ni ne, da ni da abokan cin ranina. Rani goma sha ɗaya muna sara da diga, muna loda wa jakuna, muna kai wa masu buga tubali. Ban taɓa yaɓa mata ko tafin hannu ba."

Sabo ya ji ina ma ƙasa ta tsage. Can Aina'u ta mayar da dunƙulen gurbinsa, ya faɗo. Ta sake, ya sake faɗowa.

"Ba ni ruwan nan," ya ce.

Ta miƙa masa gorar. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya jiƙa ƙasar, ya murje ta a tafinsa, ya danna ta cikin gurbin, ya shafe da babban yatsa. Ƙasar ta zauna daram. Duk gyaran da Sabo ya taɓa yi wa badala ke nan.

Da ya ɗago, Aina'u na tsaye riƙe da lema a kansa, amma idonta na kan giɓin.