Awa Ɗaya a Tukunyar Wake

Sau biyu jikata ta shiga jarrabawar neman aikin gwamnati, sau biyun kuma lokaci ne ya kayar da ita. Ba rashin sani ba. 'Yar babban ɗana ce, a hannuna ta tashi, ta yi jami'ar nan ta garinmu, ta yi bautar ƙasa, ta yi aure a Sabon Gari har da 'ya'ya biyu. Amma tun tana ƙarama haka take: in ka ba ta tsintar shinkafa, sai ta gaisa da kowace tsakuwa kafin ta yar da ita. To haka take yi wa tambayoyi. Ana cewa a ajiye fensir, ita tana tsakiyar takarda tana nazari.

Da aka sake buɗe ɗaukar ma'aikata, ta zo ta same ni ina tankaɗe. Ta zauna a bakin tabarma, ba ta ko tsokane ni ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba.

"Iya, wannan ce ta ƙarshe," in ji ta. "Akwai shekarun da in mutum ya wuce, ba a ma karɓar takardarsa. Baɗi war haka na wuce."

Na ce, "Tambaya nawa ce?"

"Ɗari. A awa ɗaya."

"Saura kwana nawa?"

"Mako shida."

Na ce ta riƙa kai yara makaranta ta wuto gidana kowace safiya, tunda gidanta ba ya rabo da hayaniya. Washegari ta zo da damin tsofaffin tambayoyi da ta sayo a bakin jami'a, ta zauna a ƙarƙashin rumfa, ta kifa babban faranti a cinya a matsayin tebur, ta ajiye waya a gefe wai ita ce za ta auna mata lokaci. Ni kuwa ina daga bakin murhu ina kallo. Wayar ta yi ƙara, ta leƙa. Ta yi haske, ta leƙa. A leƙawa ta huɗu har da murmushi. Na tashi na ɗauke wayar, na jefa a adaka, na kulle, na ɗaure makullin a haɓar zanina.

"Haba tsohuwa! Da me zan auna lokacin? Agogon bangonki tun zamanin marigayi kakana ya yi ritaya."

Ni ban san karatun agogo ba, ban taɓa zama a aji ba. Amma shekara hamsin da ɗoriya ina girki, ban taɓa sauke ɗanye ba. Na ce mata tukunyar wakena ba ta ƙarya. Ta kwashe da dariya har farantin ya zame. Na ce a gwada. Na fito da wayar, ta saita ta a kan awa ɗaya. Na auna wake gwangwani huɗu, ruwa zuwa wuyan tukunya, kanwa kamar kan ɗan yatsa, na zuba a kan wuta. Lokacin da na tsamo ƙwaya ɗaya na latsa ta murƙushe tsakanin yatsuna, ban kai ga share hannu ba wayar ta ɗauki kuka. Jikata ta dafe kai. Ta ce sa'a ce. Washegari muka sake, aka sake yin daidai wa daida. Daga ranar wayar ta koma adaka, tukunya ta zama agogo.

Kai, mun yi shagali a makonnin nan. Ina zuba wake in ce, "Bismillah, fara." Ta sunkuya tana cike 'yan ramukan nan na takardar amsa da fensir. Ta ba ni labarin yadda masu tsaron jarrabawa suke yi, ni ma na ɗauka: hannu a baya, ina zagaya ta a hankali, ina leƙa takardar da ban san ko a kife take ba. In ta tsaya tana cizon fensir sai in yi gyaran murya. Akuya ta shigo, na kore ta da ido kawai. Maƙwabciyata, wadda gaisuwarta kaɗai takan kai a dafa ƙwai, ta yi sallama za ta ari rariya, na tare ta a bakin ƙofa na ce, "Lafiya lau, gida lafiya, yara lafiya, gajiya babu, ana jarrabawa." Na miƙa mata rariya na juya ta. Kwana biyu tana gaba da ni, a na uku ta dawo ta zauna a kan turmi tana taya ni tsaro.

Da wake ya nuna sai in buga murfin tukunya da ludayi in ce, "A ajiye fensir!" Ta yi ihu, ta roƙi minti ɗaya, in ce gwamnati ba ta san Iya ba. Sai ta ƙirga inda ta tsaya. Ranar farko hamsin da biyar.

Waken kuwa dole a ci shi. Yau garau-garau da mai da yaji, gobe fate da alayyahu, jibi a koma garau-garau. Na cika kwano na aika gidan dama, na cika na aika gidan hagu, ragowar ta tafi da shi Sabon Gari. A mako na biyu mijinta ya zo ɗaukarta a babur, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Iya, ko gwamnati ta ɗauke ta ko kada ta ɗauka, a riƙa tausaya wa waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya." Na ce ya buɗe taga. Na juya baya don kada ya ga bakina.

Ita kuwa sai hawa take yi. Sittin da uku. Saba'in. Tamanin da ɗaya. A ƙarshen mako na uku ta kai casa'in da biyu, ta tashi ta ɗaura farantin a ka tana taka rawa a tsakar gida, tana yi wa tukunya kirari. Na ce ta zauna, saura takwas. Amma da ta tafi, ni ma na ɗan gwada takun a bayan ɗaki.

A wannan makon buhuna ya ƙare. Ranar Juma'a ƙanena ya shigo kasuwa daga Lajawa, ya biyo ta gidana da rabin buhu na wanda suka gama roro, fari tas, ko huda ɗaya babu. Ya ce, "Yaya, na ji an ce kin buɗe jami'a, ga gudummawata." Na yi masa godiya na juye a mazubi.

Ranar Litinin na buga murfi, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Sittin da ɗaya.

Muka dubi juna. Ta ce wataƙila tambayoyin yau ne masu tsauri. Talata sittin da uku. Laraba sittin da biyu. Dariya ta ɗauke daga gidan. Ni kuwa abin da na iya shi na yi, wato faɗa. Na ce tana raba dare a kan waya a gidanta. Ta rantse. Na ce rawar da ta yi ce ta jawo mata baki. Har na kai ga kallon wuyanta da idanunta ko wani cikin ne ya shiga, ta ce, "Iya, don Allah!" Ta ƙara ƙaimi, tana gudu a kan takarda har fensir na karyewa, gumi na ɗiga daga haɓarta. Sittin da takwas. Saba'in da ɗaya. Cikin mako biyu da ƙyar ta taɓa saba'in da biyar, can ta maƙale.

Saura kwana huɗu, na buga murfi, ba ta ma ƙirga ba. Ta jera fensiranta a kan farantin, ta ce, "Ba zan je ba, Iya. Ba zan sake shiga motar Kano in dawo da kunya ta uku ba. Kaina ya toshe. A bar wa masu rabo." Ta karɓi wayarta, ba ta taɓa abinci ba, ta fita. Na bi ta da faɗa har zaure, ba ta waiwayo ba.

Washegari da hantsi ba ta zo ba. Na je ɗibar itace zan ɗora ruwan zafi, sai na tsaya ina kallon tarin. Ni na san itacena kamar yadda na san haƙorana. Wannan tarin ya kamata a ce ya ƙare tun shekaranjiya, ga shi har gwiwata. Da, tukunyar nan ƙirare biyar take ci. Na tuna jiya: uku na sa, har na zare guntu na kashe da ruwa. Shekaranjiya ma uku.

Na zauna a kan turmi. Sabon wake! Abin da yarinya 'yar shekara goma ta sani, cewa sabon wake ba ya jimawa a wuta. Na auna ruwa, na auna kanwa, na tsare ƙofa, na tuhumi waya da baki da ciki, ban tuhumi abin da ke cikin tukunyar ba. Mako biyu ina yanke wa yarinya lokaci ina kuma yi mata faɗa a kai.

Na leƙa ta katanga na ce wa maƙwabciya ta auno min gwangwani huɗu na tsohon wakenta na bara, ta kawo da tukunyarta mai girman tawa. Na yafa mayafi na tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, ni da ba na taka gidan surukai sai da dalili mai ƙarfi. Na same ta tana wanki, idanu a kumbure.

Na ce, "Ɗauko mayafinki da wayarki."

"Iya, na faɗa miki..."

"Laifina ne."

Ta saki rigar da ke hannunta cikin kumfa. "Me kika ce?"

"Kin ji."

"Wallahi ban ji ba, ruwa ya shiga kunnena. Tsaya in kira shaidu. Shekara ashirin da tara ina jiran wannan kalma!"

"Za ki taho ko sai na fasa?"

A hanya na yi mata bayani. Ba ta yarda ba, ta ce lallashi ne irin na tsofaffi. Muka isa gida, maƙwabciya ta riga ta haɗa murhu na biyu, ta kuma riga ta gaya wa duk layin. Mata sun kai bakwai a tsakar gidana. Aka ɗora tukwane biyu, tsoho a dama, sabo a hagu, aka ajiye waya a kan turmi, aka zuba a tare. Sai ga manyan mata, wasu da jikoki, sun rabu gida biyu kamar 'yan kallon dambe. Wannan na cewa, "Na Lajawa, kada ka ba mu kunya!" Waccan na cewa, "Tsoho mai ran ƙarfe, riƙe wuta!" Maƙwabciya na fifita wa nata murhun a ɓoye, na kama ta na ƙwace maficin.

Na tsamo daga tukunyar hagu na latsa, ya murƙushe kamar tuwo. Jikata ta duba waya. Sannan ta ce da wata siririyar murya, "Minti arba'in." Na tsamo daga ta dama, ƙwayar ta yi tsalle daga yatsuna ta faɗa cikin toka, tauri kamar tsakuwa.

"Arba'in," ta sake cewa. "Saba'in da biyar a minti arba'in. Iya, ashe gudu nake yi!" Ta zube a tabarma tana birgima, dariya da kuka sun haɗe mata, ɗankwali ya yi nasa wuri. Matan suka ɗauki guɗa. Wata ta ce a kai ni kotu. Na ce duk wadda ta ci wakena mako biyar ba ta da bakin shaida.

Ban bari abin ya huce ba. Na kori kowa zuwa zaure, na sa ta saita wayar a kan awa ɗaya cur, na karɓa na kife ta a cinyata. Ta ɗauki sababbin tambayoyi ta fara. Ban zagaya ba, ban yi gyaran murya ba. Can sai na ji ƙarar fensir a kan faranti. Ta ajiye. Ta harɗe hannuwa tana kallona. Wayar ba ta yi kuka ba.

Muka zauna muna kallon juna. Tana danne dariya, ni ma haka. Na ɗaga wayar na kara a kunne ko ta mutu ne. Daga zaure maƙwabciya ta yi raɗa da ƙarfi, "Ta gama?" Na ce, "Ta gama, lokaci ne bai gama ba." Da wayar ta ga dama ta yi kukanta, babu wanda ya ji, don gidan ya riga ya kaure.

Ranar jarrabawa mijinta ya kai ta tasha bayan asuba. Da la'asar ta dawo, tun daga zaure take magana. Ta ce ta gama ta ɗaga kai ta ga kowa a sunkuye, har ta tsorata ko ta tsallake shafi. Ta bi takardar daga farko, ta gyara guda uku, sannan aka ce a ajiye. Na ce to, saura na Allah.

Wata uku muna jira. Ran nan ina shara da safe sai ga ta a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, mijin na biye da ita yana haki. Sunaye sun fito. Ta tura min waya a fuska, wasu ƙananan layuka reras kamar jerin tururuwa.

Na ce, "Wanne ne naki?"

Ta nuna. Na kai ɗan yatsa na taɓa wurin, sai layukan gaba ɗaya suka zame suka gudu sama. Na yar da tsintsiya na ce, "Innalillahi, na goge ta!" Mijin ya jingina da bango yana riƙe da ciki. Ita kuwa tana dariya ta jawo layin ya dawo.

"Ga shi nan, tsohuwa. Kalla da ido kawai."

Na matse hannuwana a tsakanin cinyoyi, na ce ta riƙe min shi daidai, kada ta motsa. Na daɗe ina kallonsa.