Ƙwaryar Kwalfar Ruwa

Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in muryata ta sarƙe a yi haƙuri.

Tun muna ƙarƙashin tsohuwar jihar Sakkwato aka kai ni aure Argungu daga Birnin Kebbi, ga ni da tsoron ruwa kamar akuya. Gonar shinkafar maigidana tana ƙetaren gulbi, kuma ni zan riƙa kai wa masu yanka abinci. Surukata ta yi faɗa, matan gida suka yi dariya, ƙafata ta ƙi shiga kwale-kwale.

Wata safiya maigida ya miƙo mini ƙwarya, ya ce, "Amarya, jirgin nan yoyo yake. In ba ki kwalfe ruwan ba, tuwon mutane zai nutse."

Na shiga ina salati, na duƙa ina kwalfa. Ban ɗago kai ba sai da muka taɓa gaɓa. Ya ce, "Kai, yau kin ceci jirgi!"

Shekaru na yi ina cika baki cewa ba don ni ba da tuni ya nutse. Sai a zaman makokinsa ƙanensa ya gaya mini jirgin bai taɓa yoyo ba. Ashe maigida ne yake zuba ruwan da hannunsa kafin in iso.

Na yi dariya cikin takaba, har yanzu kuma kuka nake. Ranar da na sake ƙetare gulbi jirgin a bushe yake, duk da haka na riƙe ƙwaryata. Allah ya jiƙansa.