Baban Rahila da tambayar da bai gama ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Istifanus, wanda nake kira Baban Rahila. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Doka, mu kuma muna zaune a Hayin Banki.

Abu ɗaya ya hana shi sakat duk rayuwarsa. Yakan ce taurari gungu-gungu suke, kuma akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ke ta buɗa sararin da ke tsakanin gungunan. Waɗanda ke maƙwabtaka da namu, jan juna ya riƙe su. Da an ɗan yi nisa kuwa, sai ƙarfin nan ya rinjaya, su yi ta ja da baya. Burinsa ya gano daidai inda rinjayen yake juyawa. Ni dai ina tuƙa tuwo ina cewa "to".

Ya daɗe yana neman gurbin ƙaro karatu a kan wannan. A watan da jami'a ta ɗauke shi, a watan likita ya ce ƙodarsa ta lalace. Ko sau ɗaya bai shiga ajin jami'ar ba.

A ɗakin wankin ƙoda ya saba da Alhaji Sani, mai sayar da katako a Rafin Guza, wanda shi ma ake yi wa wankin. Wata rana na kawo abinci na tarar yana yi wa Alhaji bayanin taurarin nan, hannu ɗaya ɗaure da robar na'urar wankin. Alhaji ya ce, "Malam, ka ji da jikinka mana." Ya ce, "Alhaji, jikin nan, likita na ji da shi. Wannan kuwa in ban yi ba, wa zai yi mini?" Ranar jana'izar Baban Rahila sai da jikoki suka tallabo Alhaji har coci.

Kwanan baya Rahila, babbar 'yarmu, ta karanto mini a waya cewa masana sun fara zargin ƙarfin nan yana raguwa. Ban fahimci rabinsa ba. Na dai san da yana nan, da ranar ba wanda zai huta a gidan, don murna. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Bai bar bincike mai sunansa ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa hakan bai dame shi ba. Amma ajinsa na sakandare yanzu wata tsohuwar ɗalibarsa ke riƙe da shi. Ta ce mini duk sanda yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinta, takan amsa yadda ya koya mata: "Ban sani ba. Zauna mu duba."