Aibin da Ya Yi Rana

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht wani dattijo yana zaune, wando ya yi masa yawa, baƙin mai ya kama faratansa. Da gani mai gyaran keke ne. Yana ta jujjuya burodi a hannu.

"Wai ƙwayoyin jikina ba sa gyara kuskurensu, Tineke," yake ce wa matarsa. "Ni da na tsufa a gyara!"

"Kai dai ba ka saurare, tsoho. Likita ta ce aibin nan ne zai sa sabon maganin ya kama ciwon kansar da ke tumbinka. Wataƙila ma ba sai an yanke maka tumbi ba."

Ya gatsa burodin, yana taunawa a hankali.

"Kin yi rowar cuku," in ji shi.